Fashin baƙi: ta yaya adireshin IP na fili zai ratsa netwok ɗin cikin gida, ga kuma fayawol a tsakiya?

Tambayar kusan kullum da kalmomi iri ɗaya take zuwa: kamfanin da ke ba ni intanet ya ba ni adireshin fili guda takwas, sabobina, wato kwamfutocin da ke ba da hidima kamar shafin intanet ko imel, suna can ciki, tsakaninsu da waje akwai fayawol mai tace abin da zai shiga da abin da zai fita, bayan fayawol ɗin kuma akwai netwok ɗina na cikin gida mai farawa da 10 ko 192.168, to yaya zan yi adireshin nan su isa kan sabobin? Amsar da mutum ya fi samu ita ce ba zai yiwu ba, wai adireshin fili da na cikin gida ba sa haɗa hanya, sai dai ka yi NAT, wato dabarar musanya adireshin cikin gida da na fili a bakin ƙofa, ko ka ɗauko sabar ka ajiye ta gaban fayawol. Wasu kuma su ce ai da zarar ka ɗora wa na'ura adireshin fili shi kenan ka tsiraita ta, fayawol ya tashi aiki.

Duka maganganun biyu kuskure ne, kuma daga wuri ɗaya suka fito. An daɗe ana ganin abubuwa uku a cikin akwati ɗaya, wato rauta mai miƙa saƙo daga wannan netwok zuwa wancan, da NAT, da fayawol, har aka ɗauka abu ɗaya ne. Abin yana damuna domin na sha ganin an biya kuɗin adireshi duk wata suna zaune ba aiki, na kuma ga inda aka bar saba a fili ba kariya don kawai an kasa shigo da adireshinta ciki. Bari mu warware su ɗaya bayan ɗaya.

Fili da cikin gida, me ya raba su?

Adireshin IPv4 lamba ce mai bit 32, ke nan duk abin da ake da shi 4,294,967,296 ne, biliyan huɗu da 'yan kai. A 1981 da aka tsara shi adadin ya yi kama da abin da ba zai taɓa ƙarewa ba, amma tun farkon shekarun 1990 aka fara hango gindin tukunya. A 1994 Kjeld Egevang da Paul Francis suka fitar da takardar ƙa'idar intanet mai lamba RFC 1631 wadda ta bayyana NAT, kuma su da kansu a matsayin maganin wucin gadi suka kawo shi. A Fabrairun 1996 RFC 1918 ta tabbatar da rukuni uku na adireshin cikin gida: 10.0.0.0/8, sai 172.16.0.0/12, wato daga 172.16 zuwa 172.31, sai 192.168.0.0/16. Lambar da ke bayan alamar / girman rukunin take nunawa, in ta ƙaru rukunin ya ƙanƙance. Kowa ya ɗiba ya yi amfani da su a wurinsa ba sai ya nemi izinin kowa ba, sharaɗin kawai kar su fito intanet, kar a tallata hanyarsu ga duniya, kar fakiti, wato ƙunshin saƙon da ke tafiya a netwok, da ke ɗauke da su a matsayin mai aikawa ko mai karɓa ya tsallaka waje.

Adireshin fili kuwa mai shi ɗaya ne a duk duniya, an yi masa rajista, kuma rautocin intanet sun san inda za su bi su same shi. Bambancin ke nan, yarjejeniya ce tsakanin mutane. A cikin lambar kanta babu wani sihiri, rauta ba ta kallon 10.0.0.2 da wani ido daban da wanda take kallon 8.8.8.8 sai in wani ya rubuta mata doka.

Ƙarancin kuma ya tabbata. Ranar 3 ga Fabrairun 2011 hukumar IANA ta raba manyan rukuni biyar na ƙarshe ga hukumomin yanki biyar, ARIN ta Arewacin Amurka rumbunta ya ƙare a Satumbar 2015, RIPE NCC ta Turai a Nuwambar 2019. Tun 2011 ɗin aka ga adireshi ya zama hajar kasuwa lokacin da Microsoft ya sayi guda 666,624 daga Nortel da ya durƙushe, sannan daga Fabrairun 2024 Amazon ya fara cajin kuɗi a kan kowane adireshin IPv4 na fili da kake riƙe da shi a AWS, hidimarsa ta hayar sabobi, ko kana amfani da shi ko ba ka yi. Shi ya sa maganar nan ta dawo bakin mutane, wanda ke da takwas yana so ya mori takwas ɗin.

Abin da rauta take dubawa

Nan ne zuciyar maganar, wanda ya gane nan sauran duk mai sauƙi ne. Kowane fakiti yana ɗauke da adireshi biyu a kansa, na wanda ya aiko da na wanda aka aika wa. Biyu kacal. Rautocin da zai bi a hanya, ko goma ne ko ashirin, ba a rubuta adireshinsu a jikinsa. In fakiti ya zo, rauta ta duba adireshin mai karɓa, ta buɗe teburin hanyoyinta, ta ga an rubuta cewa wannan rukunin a miƙa shi ga wane, sai ta yi amfani da ARP, wato kiran cigiya tsakanin na'urorin da ke waya ɗaya, ta tambayi lambar MAC ta wanen, wato lambar katin netwok ɗinsa, ta naɗe fakitin da wannan lambar ta tura, bayan ta rage ɗaya daga TTL ɗinsa, wato ƙidayar zangon da ya rage masa kafin a zubar da shi. Adireshin maƙwabcin da ta miƙa wa, aikinsa ya ƙare daga gano MAC ɗin nan. Bai shiga fakitin ba, bai fita waje ba, duniya ba ta ma san da shi ba.

Ka ga ke nan ko adireshin maƙwabcin na fili ne ko na cikin gida, bai dami fakitin ba. Kamar wasiƙa ce da aka rubuta adireshin mai ita a bayan ambulan, ta shigo babban gini, ma'aikata suka riƙa miƙa ta daga ofis zuwa ofis da lambobin ɗakuna da su kaɗai suka sani, ambulan ɗin dai yana nan yadda yake har ya isa hannun mai shi. Ba a karya dokar RFC 1918 ba, domin abin da ya shigo da abin da ya fita duk adireshin fili ne a kansu. Manyan kamfanonin intanet da yawa haka cikinsu yake, in ka taɓa yin traceroute, umarnin da ke jero rautocin da fakiti ya bi, ka ga 10 kaza kaza a tsakiyar hanya, to abin da ka gani ke nan.

Mu ɗora shi a kan lambobi

Zan yi amfani da adireshin da aka ware musamman domin misali a rubuce, ba na kowa ba ne. Ka ce gefen waje na fayawol ɗinka yana da 198.51.100.2, rautar kamfanin kuma 198.51.100.1. Kamfanin ya ba ka 203.0.113.8/29, wato daga .8 zuwa .15, ya kuma rubuta a rautarsa cewa duk abin da ya zo wa wannan rukunin a miƙa wa 198.51.100.2. A ciki, fayawol yana da 10.0.0.1, akwai wata rauta a can ƙurya mai 10.0.0.2, sabobin suna bayanta.

Abu uku za ka yi. Na farko hanyar shiga: ka gaya wa fayawol cewa 203.0.113.8/29 yana wajen 10.0.0.2. A Linux layi ɗaya ne:

ip route add 203.0.113.8/29 via 10.0.0.2

kuma ka tabbata net.ipv4.ip_forward yana kan 1, don a kashe yake zuwa. Na biyu hanyar dawowa: rautar ciki ta ɗauki 203.0.113.9 a gefen sabobi, sabobin su ɗauki .10 zuwa .14 su sa .9 a matsayin getwe ɗinsu, wato ƙofar fitarsu, ita kuma duk abin da ba ta san hanyarsa ba ta miƙa wa 10.0.0.1. Na uku izini: fayawol ya san me zai bari ya wuce, ya kuma daina yi wa wannan rukunin NAT.

A wannan tsarin takwas ɗinka sun koma biyar, .8 ya tafi a sunan netwok, .15 ya tafi a na shela, .9 rauta ta cinye. Wanda wannan asarar ta yi wa ciwo yana da mafita, tunda rukunin gaba ɗaya miƙo maka shi ake yi, kana iya fasa shi ɗaiɗai, kowane adireshi a matsayin /32, ka nuna shi zuwa adireshin cikin gida na sabar da kake so, ka ɗora na filin a kan lufbak ɗinta, wato katin netwok na cikin manhaja da ba ya haɗe da waya. Takwas ɗin duka za su yi aiki. Sai dai dole ka gaya wa sabar ta riƙa fita da adireshin filin, in ba haka ba duk haɗin da ita ta fara da na cikin gida za ta fita. Ni ina son wannan dabarar sosai, amma ba na ba wa wanda bai saba ba shawarar ya fara da ita, ranar da abu ya lalace wanda ya gaje ka zai sha wahalar gane yadda aka ɗaura shi.

In kamfanin bai miƙo maka ba fa?

A nan ne gizo ke saƙa. Iri biyu ne kamfanoni ke ba da ƙarin adireshi, kuma da yawa ba sa gaya maka wanne suka ba ka. Na farko shi ne wanda muka gani, an nuna rukunin zuwa adireshin fayawol ɗinka. Na biyu kuma rautar kamfanin ce da kanta take zaune a cikin rukunin, ta ɗauki .9, ta ɗauka duk sauran suna nan manne da ita a waya ɗaya. To in fakiti ya zo wa .12 ba za ta miƙa wa kowa ba, ARP za ta yi, ta ce wa ke da .12? Sabar tana can bayan rauta biyu, kiran ARP kuwa ba ya tsallake rauta, ba wanda zai amsa, fakitin ya mutu a bakin ƙofa. Kai kuma kana ciki kana ta gyara dokokin fayawol alhali ko isowa wajensa abin bai yi ba.

Gane wannan ba wuya. Ka kunna tcpdump, manhajar da ke nuna fakitin da ke wucewa, a gefen waje na fayawol, ka sa wani ya yi ping ɗin adireshin daga waje, wato ya aika masa ɗan fakitin gwaji. In fakitin ping ɗin kansa ka gani, miƙo maka ake yi. In tambayar ARP ka gani tana ta maimaituwa ba amsa, iri na biyu ne.

Mafita akwai. Mafi tsafta ka kira kamfanin ka ce a mayar maka da shi rukunin da ake miƙowa, a ba ka ɗan ƙaramin /30 ko /31 na haɗi tsakaninku. In sun ƙi, sai furoksi ARP, dabara ce tsohuwa da aka rubuta tun 1987 a RFC 1027: fayawol ya riƙa amsa kiran a madadin sabobin, ya ce ni ne .12, ya karɓi fakitin ya wuce da shi ciki. Tana aiki, illa dai in ka kunna ta ba iyaka fayawol zai fara amsa sunan adireshin da ba naka ba, ka rikita maƙwabtanka a waya ɗaya, don haka a ɗaure ta a kan adireshinka kawai. Akwai kuma mayar da fayawol gada, ya haɗa gefen waje da gefen sabobi kamar waya ɗaya ce amma yana tace abin da ke wucewa. Wannan ba ya cin adireshi ko ɗaya, sai dai gada ba ta ratsa rautar ciki, sai in za ka ja VLAN, wato keɓaɓɓen layi a cikin netwok ɗin, tun daga fayawol har inda sabobin suke. Na ƙarshe NAT na ɗaya-da-ɗaya, za mu zo kansa.

NAT daban, fayawol daban

Aikin NAT sauya adireshi ne a kan fakiti. Aikin fayawol yanke hukunci ne, wannan ya wuce wannan kar ya wuce. Abin da ya sa aka haɗe su a tunani shi ne, a rautar gida in baƙon fakiti ya zo daga waje NAT ba ya samun sunansa a teburinsa, bai san na'urar da zai kai wa ba, sai abin ya tsaya nan. Wannan kariya ce ta katari, da ma ba don ita aka yi shi ba, kuma tana da ɓaraka, misali in UPnP yana kunne kowace na'ura a ciki tana iya buɗe wa kanta ƙofa ba tare da ka sani ba.

Fayawol mai riƙe tarihin haɗi shi ne mai gadin gaske. Yana tuna wa ya fara magana, ya bar amsa ta dawo, sabon baƙo kuma sai in sunansa na cikin doka. Wannan aikin ba ruwansa da ko adireshin na fili ne ko na cikin gida. Saba mai 203.0.113.10 a bayan fayawol da ya buɗe ƙofa mai lamba 443 kaɗai, wato ta shafin intanet, daidai take da saba mai 192.168.1.10 da aka tura wa 443 ta NAT, ƙofa ɗaya ce a buɗe a duka biyun.

Amma fa gaskiya ɗaya ce, ranar da ka cire NAT kariyar katarin nan ta tafi, in dokarka ba ta cika ba babu abin da zai rufa maka asiri. A Linux mutane da yawa suna cika sarƙar INPUT da dokoki su manta cewa INPUT na abin da aka aiko wa fayawol ɗin kansa ne, abin da ke ratsawa zuwa sabobi ta FORWARD yake bi, kuma in ba ka taɓa ta ba a buɗe take. Ka bar FORWARD haka ka kunna miƙawa, to duk wata ƙofa ta kowace saba tana kallon duniya, 22 na SSH, 3389 na RDP, 445, 3306 na MySQL, duka. Kar ka ce wa ya san adireshina. Tun 2013 masu bincike a Jami'ar Michigan suka nuna da manhajar ZMap cewa kwamfuta ɗaya mai layi mai ƙarfi za ta iya ƙwanƙwasa duk adireshin IPv4 na duniya cikin ƙasa da minti 45. Ƙwayar cutar kwamfuta ta Mirai a 2016 da telnet, wata tsohuwar hanyar shiga na'ura daga nesa, da jerin kalmomin sirri na masana'anta kusan 60 ya tara kyamarori da rautoci, ya kai wa kamfanin Dyn hari ranar 21 ga Oktoba har Twitter da Netflix suka gagari mutane da dama. Wani ƙwayar cutar, WannaCry, a Mayun 2017 ta ƙofar 445 ya bazu. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, wanda ya karɓi adireshin fili ya san za a ƙwanƙwasa masa ƙofa dare da rana.

Don haka tsarin FORWARD shi ne: amsar haɗin da aka riga aka fara ta wuce, ƙofofin da ka lissafa su wuce zuwa adireshin da ka lissafa, sauran duka a zubar. Sannan abin da aka fi mantawa, tsakanin sabobin da sauran netwok ɗin ciki. Fakitinsu ta cikin gidanka yake ratsawa, in aka fasa saba ɗaya ɓarawon ya riga ya shigo, kuma rautar cikin nan in ba ka hana ta ba za ta kai shi kan kwamfutocin ma'aikata kai tsaye ba tare da fayawol ya ma gani ba. Wurin sabobin, wanda ake ce wa DMZ, zaure ne, baƙo ya tsaya nan kar ya wuce. Ko dai ka sa doka a rautar ciki, ko ka keɓe musu VLAN nasu da ba ya haɗuwa da kowa sai ta fayawol.

Wuraren da ake tuntuɓe

Na ɗaya NAT ɗin da aka manta. Yawancin fayawol da doka ɗaya suke zuwa, duk abin da zai fita ta gefen waje a shafa masa adireshin fayawol. A iptables MASQUERADE ne, a MikroTik ma haka, a pfSense da OPNsense kuma NAT na fita na atomatik ne, sai ka sauya masa yanayi ka cire rukuninka daga ciki. Muguntar wannan matsalar ita ce shiga tana aiki lafiya, shafinka yana buɗewa daga waje, sai ka ɗauka ka gama. Na taɓa bin wata sabar imel kwana biyu, saƙo yana shigowa amma wanda muka aika ana ƙin karɓa ko a jefa shi cikin tarkace, ashe da adireshin fayawol take fita, rijistar SPF da ta PTR kuwa, waɗanda masu karɓa ke dubawa don tantance sabar da ta aiko, adireshinta suka ambata. Layi ɗaya ya gyara. A MikroTik akwai ƙari, dokokin da yake zuwa da su suna zubar da duk sabon haɗi daga waje da ba a yi masa NAT na shiga ba, kuma rukuninka da aka miƙo cikin wannan ya faɗa, sai ka sa dokar izini a samanta.

Na biyu, tafiya ta wata hanya dawowa ta wata. In sabar tana da katin netwok biyu, ko kana da layin intanet biyu, fakiti ya shigo ta fayawol amsa ta fita ta wani gefen, fayawol rabin zance kawai ya ji, sai ya yanke. Alamarsa ping yana tafiya amma haɗin TCP ya fara ya tsinke. Ko da ma fayawol bai yanke ba, kamfanin layi na biyun in yana bin BCP 38, ƙa'idar da aka fitar a 2000 don hana adireshin bogi, zai zubar da fakitin tunda adireshin da ke kansa ba nasa ba ne. Linux ma yana da irin wannan binciken, rp_filter.

Na uku shi ne wanda ya fi wahalar ganewa, kuma nan ne masu sukar wannan tsarin suke da hujja ta gaske. Na ce adireshin rautar ciki ba ya fita waje, to akwai lokaci ɗaya da yake fita, lokacin da ita kanta take da abin faɗa. In TTL ya ƙare a hannunta, ko fakiti ya fi ƙarfin hanyar da ke gabanta, za ta aika saƙon ICMP, wato sanarwar matsala, ga mai aikowa, kuma sau da yawa da 10.0.0.2 za ta sa hannu, a hanya a zubar da shi. A traceroute taurari kawai za ka gani a wurin, wannan ba komai. Amma na girman fakiti babba ne. Wayar netwok ta Ethernet bayit 1500 take ɗauka a fakiti ɗaya, layin PPPoE 1492, in akwai rami, wato inda ake naɗe fakiti cikin wani fakitin, na GRE 1476, WireGuard yakan sa 1420. Mai aikowa ya turo 1500 da alamar kar a fasa, rauta ta ce ya yi girma ka rage, saƙon bai isa ba, shi kuma ya ci gaba da turo babba. Abin da mai amfani zai gani shi ne shafi ya fara buɗewa ya maƙale, SSH ya shiga amma da ka nemi dogon rubutu ya daskare, ƙaramin fayil ya wuce babba ya ƙi. Har takarda guda aka rubuta a kan irin waɗannan matsalolin a 2012, RFC 6752. Magani: in hanyar ciki duk 1500 ce da wuya ka gamu da shi, in akwai rami ka rage MSS, wato iyakar girman saƙon da haɗin TCP ke sawa a fakiti ɗaya, a fayawol, kuma don Allah a daina toshe ICMP gaba ɗaya da sunan tsaro, nau'i na 3 lamba ta 4 dole ya wuce.

Masu NAT da masu miƙawa kai tsaye

Masu NAT na ɗaya-da-ɗaya suna da hujjarsu. Adireshin fili duk suna zaune a fayawol, sabobi na ciki da na cikin gida, ba a asarar ko ɗaya, in ka sauya kamfanin intanet wuri ɗaya za ka gyara ba sai ka bi saba-saba ba, kuma ba sai ka taɓa rautar ciki ba. Ga ƙaramin ofis mai shafi ɗaya da kyamarori, gaskiya wannan ya isa, ba zan ce wa kowa ya rushe abin da ke masa aiki ba.

Matsalar ita ce sabar ba ta san sunanta na waje ba. Akwai ka'idojin da ke rubuta adireshinsu a cikin saƙon kansa, SIP na kiran murya da FTP su ne shahararru, sabar ta ce wa na waje kira ni a 192.168.1.10, kira ya shiga ba murya, ko murya ta gefe ɗaya. IPsec sai da aka ƙirƙiro masa hanyar naɗewa a UDP 4500 kafin ya iya zama da NAT. Sannan na cikin ofis in ya nemi shafin da adireshinsa na fili sai an yi masa wata dabarar, ko fayawol ya juyo da fakitin ciki, ko DNS ya riƙa ba na ciki amsa daban da na waje. Da miƙawa kai tsaye duk wannan bai taso ba, adireshi ɗaya ne ciki da waje, abin da ka gani a log shi ne abin da ya faru. Ra'ayina, in sabobin sun wuce biyu uku, ko akwai murya ko imel ko VPN a ciki, a miƙa kai tsaye.

Wanda ba shi da adireshin fili ko ɗaya

Wannan ya fi shafar mutane da yawa fiye da duk abin da ya gabata. Ka duba adireshin gefen waje na rautarka, in ya faɗa tsakanin 100.64.0.0 da 100.127.255.255 to kana bayan CGNAT, wato NAT na kamfanin intanet da kansa, wannan shi ne rukunin da aka ware a 2012 don kamfanoni su tara kwastomomi da yawa a bayan adireshin fili ɗaya. Wasu kamfanonin 10 kaza suke bayarwa, duk ɗaya ne. Shi ya sa ka buɗe ƙofa a rautarka don ganin kyamara daga nesa ta ƙi, NAT ɗin da ya tare ka ba a hannunka yake ba. Shi ya sa kuma wani shafi zai riƙa sa ka tabbatar kai mutum ne, ko ya toshe ka kan laifin wani da kuke raba adireshi da shi.

Dabarar da muka yi bayani ita ce dai take fitar da mutum a nan. Ka kama ƙaramar saba ta haya mai ƙarin adireshin fili, ka haƙa ramin WireGuard daga wurinka zuwa can, tunda kai ka fara haɗin CGNAT zai bari, bakin ramin biyu su ɗauki 10 kaza, sai ka nuna adireshin filin ya bi ta ramin. Sharuɗɗan ba su sauya ba: amsa ta koma ta ramin, don haka sai an yi wa wannan adireshin teburin hanya nasa, a kula da girman fakiti, a tace a bakin ramin. Masu ba da hayar da yawa iri na biyun nan suke bayarwa, ka shirya wa furoksi ARP a can.

IPv6 kuma, wanda aka ƙaddamar a duniya ranar 6 ga Yunin 2012, abin da muke ta wahalar bayani a nan shi ne rayuwarsa ta kullum. Kamfani ya miƙo maka /56 ko /48, ka yanka /64 ga kowane sashe, kowace na'ura da adireshinta na fili, getwe ɗinta kuwa yawanci adireshi ne mai farawa da fe80 wanda ko waya ɗaya ba ya tsallakewa. Babu NAT, fayawol ne kaɗai a ƙofa. Kuma dokokinsa daban suke, abin da ka rubuta a iptables bai shafe shi ba sai ka rubuta a ip6tables, ko ka haɗa su a teburin inet na nftables, ga shi ICMPv6 in ka toshe shi gaba ɗaya netwok ɗin ma ba zai tashi ba.

In ka gama ɗaurawa kar ka gwada daga cikin ofis, daga ciki ta wata hanya kake bi kuma wasu dokoki ne ke aiki a kanka. Ka fita ta wani layin daban, ko datar wayarka bayan ka kashe wayafai, ka bi adireshin ɗaya bayan ɗaya da nmap, manhajar da ke gano ƙofofin da ke buɗe, na IPv4 da na IPv6, abin da ya amsa ya zama abin da ka lissafa ne kawai. Sannan ka shiga kowace saba ka tambayi intanet da wane adireshi take ganinta, in na fayawol ya fito, koma kan dokar NAT.